Kwana Goma na Ɗari: Yadda Sanyin Disamban 2022 Ya Gwada Turai

Da almurun ranar Asabar 10 ga Disamban 2022, lokacin da gidajen kallon ƙwallo daga Kano zuwa Damagaram suka kaure da sowa saboda Maroko ta fitar da Fotugal daga gasar cin kofin duniya a Katar, 'yan Maroko mazauna Landan su ma sun cika titin Edgware da tutoci da ganguna da hon ɗin motoci. Sai dai su a can, duk wanda ya buɗe baki zai yi ihu, tururi ne ke riga muryarsa fita.

Washegari da daddare dusar ƙanƙara ta sauko wa kudu maso gabashin Ingila. Motoci suka maƙale na sa'o'i a kan babbar hanyar M25 da ta kewaye Landan. Filin jirgin sama na Stansted ya rufe titin saukar jirage, na Gatwick ma haka, aka soke tashin jirage da dama. A ƙauyen Burwash da ke Sussex, wani masaukin baƙi ya buɗe wa matafiya kusan 40 ƙofa, mutanen da suka bar motocinsu a hanya suka kwana a kan katifu da kujeru a gaban murhu.

Ga mutumin Mosko ko Helsinki, wannan ba labari ba ne. Abin da ya mai da shi labari shi ne lokacin da ya zo da kuma halin da ya tarar da mutane. Makonni huɗu kacal kafin nan, 'yan Birtaniya na yawo da riga mai gajeren hannu. Makonni uku bayansa kuma, mutanen Folan sun fita shan iska ranar sabuwar shekara ba ko rigar sanyi. A tsakiyar wannan ɗumi ne sanyin ya kutso, ya yi kimanin kwana goma, ya tafi, a shekarar da gas ɗin ɗumama gida ya yi tsadar da bai taɓa yi ba.

Kakar da ta ƙi ƙarewa

Shekarar 2022 tun daga bazararta ta nuna alamar ba ta wasa ba ce. A ranar 19 ga Yuli ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, karon farko da Birtaniya ta haura digiri 40 tun da aka fara ajiye lissafi. Koguna suka janye, ciyawar filayen Landan ta ƙone ta koma ruwan ƙasa.

Da kaka ta shigo, an zaci abin zai lafa. Bai lafa ba. Cibiyar Copernicus ta Tarayyar Turai mai lura da yanayi ta ce ba a taɓa ganin Oktoba mai ɗumi a nahiyar kamar na wannan shekara ba, domin ya ɗara abin da aka saba da kusan digiri biyu. A kudancin Faransa da Sifaniya ana ta wanka a teku har ƙarshen wata. Ranar 13 ga Nuwamba, garin Porthmadog da ke Wales ya ga digiri 21, a watan da aka saba ganin digiri goma ko ƙasa da haka. Bishiyoyi sun ƙi zubar da ganye. Masu lambu suna ta aske ciyawa a lokacin da ya kamata a ce sun jingine injin a ɗakin ajiya.

Ba wanda ya yi kuka da wannan ɗumi, don faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tun da Rasha ta mamaye Yukiren a watan Fabrairu, gas ya zama makami. Kafin yaƙin, kusan kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa, na Jamus ma ya haura rabi. A ƙarshen Agusta Rasha ta rufe bututun gas na Nord Stream gaba ɗaya, a watan Satumba kuma aka fasa shi a ƙarƙashin teku. Duk ranar da ta wuce ba a kunna na'urar ɗumama gida ba, riba ce ga magidanci, riba ce ga gwamnati. Zuwa tsakiyar Nuwamba rumbunan ajiyar gas na Turai sun cika da kusan kashi 95 cikin ɗari, na Jamus sun cika maƙil.

Daga ina jaurar ta ɓullo?

Yammacin Turai yana arewa sosai. Landan ta fi yawancin manyan biranen Kanada kusa da ƙarshen duniya na arewa, amma hunturunta bai kama ƙafar nasu ba. Sirrin yana cikin tekun Atlantika. A sararin sama, kimanin kilomita goma daga ƙasa, akwai wata iska mai gudun tsiya da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, ita ce ke koro iska mai laima da ɗumi daga teku ta watsa wa Ayalan da Birtaniya da Faransa. Muddin tana kan hanyarta, hunturun yankin ruwa ne da gajimare da sanyi mai sauƙi.

A farkon Disamban 2022 hanyar ta toshe. Wata iska mai nauyi ta zauna daram a saman Girinlan da Ayislan, ta karkatar da iskar tekun zuwa kudu, wajen Fotugal da Sifaniya, inda aka yi ta tafka ruwa har Lisbon ta yi ambaliya. Ƙofar arewa kuwa ta buɗe, iskar yankin Aktik ta gangaro kai tsaye.

Daga nan sai dogon dare ya ƙarasa aikin. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Musulmin can suna sallar Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin sa'o'i huɗu. Idan gari ya yi garau babu gajimare, ɗan ɗumin da ƙasa ta tara da rana sai ya tsere sama cikin dare. Manomin rani a Kadawa ya san wannan: daren hunturun da taurari suka fi fitowa tar, shi ne asubarsa ta fi cizo. Haka aka yi ta yi dare bayan dare, ga hazo mai daskarewa a kan gilashin mota da rassan itatuwa.

A ƙauyen Braemar da ke tsaunukan Sikotilan, ranar 12 ga wata, ko da tsakar rana ma'auni bai haura digiri 9 ƙasa da sifili ba. Da asubar 13 ga wata ya sauka zuwa 17.3 ƙasa da sifili. Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ta ce rabon da hunturu ya fara da irin wannan sanyi tun 2010. A tsibiran Shetland dusar ƙanƙara mai nauyi ta lafta wa wayoyin lantarki har suka tsinke, dubban gidaje suka zauna cikin duhu, wasu kusan mako guda.

Tafkin da ya yaudari yara

Ranar Lahadi 11 ga wata, a unguwar Kingshurst da ke Solihull kusa da Birmingham, wasu yara sun fita wasa a bakin tafkin Babbs Mill. Saman ruwan ya daskare, ya yi fari fat kamar daɓe. Suka taka, ƙanƙarar ta rufta. Wani ɗan sanda da ya iso wurin ya shiga ruwan yana naushin ƙanƙarar da hannu don ya kai gare su, har shi ma aka kai shi asibiti. Yara huɗu suka rasu, masu shekara 6 da 8 da 10 da 11. Biyu wa da ƙane ne, na uku ɗan'uwansu ne na jini. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wasunsu sun faɗa ne a ƙoƙarin ceto wanda ya fara ruftawa.

Masana sun ce sai kaurin ƙanƙara ya kai wajen santimita goma kafin ta ɗauki mutum ɗaya. Sanyin kwana huɗu ko biyar bayan watanni na ɗumi ba ya samar da wannan. Saman ne kawai ke daskarewa, ruwan ƙasa yana nan da sauran ɗumin kaka. A Finlan da Suwidin, inda tafkuna ke daskarewa duk shekara, ana koya wa yaro tun yana ƙarami yadda ake gane ƙanƙarar da za ta ɗauke shi, masu tafiya a kanta kuma suna rataya wasu ƙananan tsinkunan ƙarfe a wuya don jawo kansu waje idan ta fashe. Yaron da ya tashi a tsakiyar Ingila a 'yan shekarun nan, mai yiwuwa sau ɗaya ko biyu ya taɓa ganin tafki a daskare a rayuwarsa.

Kwana uku bayan haka, cikin duhun asubar 14 ga wata, wani kwalekwalen roba maƙare da 'yan ci-rani ya fara nitsewa a mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila. Masunta da jami'an ceto sun tsamo kusan mutum 40, wasu sanye da 'yar shimi kawai. An tabbatar da mutuwar huɗu.

Ko a ci, ko a ji ɗumi

Waɗannan su ne mace-macen da suka fito a talabijin. Mafi yawan waɗanda sanyi ke kashewa a Turai a cikin ɗakunansu suke mutuwa, kuma takardar asibiti ba ta cewa sanyi ne. Idan jiki ya yi sanyi, jijiyoyin jini na tsukewa, hawan jini ya tashi, jinin ya yi kauri. Likitoci sun lura cewa bugun zuciya na ƙaruwa kwana biyu ko uku bayan saukar sanyi, shanyewar ɓarin jiki ya biyo baya, ciwon huhu kuma ya iso bayan mako ɗaya zuwa biyu. Wato sanyin na iya wucewa, asibitoci su ci gaba da karɓar baƙinsa. A Ingila abin ya haɗu da murar hunturu mai tsanani da kuma yajin aikin ma'aikatan jinya na ranakun 15 da 20 ga Disamba, irinsa na farko a tarihin babbar ƙungiyarsu.

Wani abin mamaki da bincike ya daɗe da nunawa shi ne, ƙasashen da hunturunsu ke da sauƙi, irin su Fotugal da Sifaniya da Ayalan da Birtaniya, sun fi Finlan da Suwidin yawan ƙarin mace-mace a lokacin sanyi. Dalilin gini ne. Mutumin Helsinki ya gina gidansa don sanyi, tagarsa gilashi uku ce, bangonsa cike da abin riƙe ɗumi. A Ingila kuwa kusan gida ɗaya cikin biyar an gina shi ne kafin 1919, bulo ne zalla, kana kunna wuta ɗumin na zurarewa ta bango da rufi.

Hukumar lafiya ta ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18. Shawara ce mai sauƙin faɗi. Ko bayan tallafin gwamnati, kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida ya kai fam 2,500 a shekara, kusan ninki biyu na hunturun da ya gabata, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 11 cikin ɗari a watan Oktoba. Maganar da ta cika bakin jama'a ita ce zaɓi tsakanin abinci da ɗumi. Miliyoyin gidajen talakawa suna amfani da mitar kati, irin wadda aka sani a Najeriya: kuɗi ya ƙare, wuta ta ɗauke, gas ya tsaya. Ƙungiyar Citizens Advice ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan uku sun fuskanci haka a cikin 2022. Gwamnati na biyan masu ƙaramin ƙarfi fam 25 idan sanyi ya yi kwana bakwai a jere a sifili ko ƙasa da shi, kuɗin da a farashin wannan shekara bai wuce na 'yan kwanaki ba.

Don haka ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai da cibiyoyin unguwa suka buɗe abin da suka kira wuraren shan ɗumi, inda tsoho ko mai goyo zai zo ya zauna, a ba shi shayi, ba a tambaye shi komai ba. A ƙasar da ke cikin bakwai mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya ake wannan.

Cikin waɗanda sanyin ya yi wa ba-zata har da dubban 'yan Najeriya. A shekarar ce guguwar tafiya karatu Birtaniya ta kai ƙololuwa: an ba ɗalibai 'yan Najeriya kusan dubu 60 biza, da iyalansu kusan adadin haka. Da yawansu sun sauka a Satumba, suka tarar da gari lumui, suka ɗauka labarin sanyin Turai zuzutawa ce. Disamba ta koya musu cewa rigar sanyi ɗaya mai kauri ba ta kai riguna uku marasa kauri da aka jera ba, cewa takalmi mai santsin ƙasa na iya kai mutum asibitin ƙashi, cewa wankin da aka shanya a ɗaki a rufe shi ke haifar da baƙin fumfuna a bango. Wannan na ƙarshen ba abin rainawa ba ne. A watan Nuwamban shekarar ne wata kotun binciken mutuwa ta tabbatar da cewa fumfunar gida ce ta kashe wani yaro ɗan shekara biyu a Rochdale, wanda iyayensa suka zo daga Sudan. Jami'an kashe gobara a Birtaniya da Jamus kuma sun yi ta gargaɗin kada a shigar da gawayi ɗaki don gudun kuɗin gas, saboda iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Ranar da iska ta tsaya cik

Irin yanayin da ke kawo wannan sanyi yana zuwa da wata matsalar: ba ya kaɗawa. Birtaniya da Jamus sun zuba jari mai yawa a injinan samar da lantarki daga iska, to ga buƙatar wuta ta kai maƙura, ga fukafukan injinan sun tsaya. Rana kuma ba ta da ƙarfi. Dole aka koma kan gas, wanda a wasu ranakun ya samar da fiye da rabin lantarkin Birtaniya. Farashin wuta a kasuwar sari ya kafa tarihi. Ranar Litinin 12 ga wata, kamfanin da ke kula da layukan wuta na ƙasar ya umarci a ɗumama injina biyu masu amfani da kwal a tashar Drax, a ajiye su cikin shiri. Daga baya aka ce a bar su, ba a kai ga buƙatarsu ba.

Faransa, wadda ta saba sayar wa maƙwabta wuta, ta wayi gari tana saye. A wani lokaci cikin shekarar fiye da rabin injinanta na nukiliya 56 ba sa aiki, wasu saboda gyara, wasu saboda tsatsa da aka gano a bututunsu. Gwamnati ta riga ta shirya wa jama'a tsarin ɗauke wuta na sa'o'i biyu unguwa-unguwa, aka rage lokacin hasken hasumiyar Eiffel, ministoci suna fitowa da rigar sanyi mai dogon wuya don nuna misali. A Jamus an kayyade ɗumin ofisoshin gwamnati a digiri 19. Shugaban hukumar kula da makamashi ta ƙasar, Klaus Müller, ya sha nanata cewa sai an rage amfani da gas da kashi 20 cikin ɗari. A makon sanyin tsimin ya gaza wannan nesa ba kusa ba, ya fito ya ce a ƙara ɗaure ɗamara. Rumbunan Jamus da suka cika maƙil a Nuwamba suka sauko ƙasa da kashi 90 cikin 'yan makonni.

Ba a ɗauke wa kowa wuta ba saboda ƙarancin gas. 'Yan siyasa sun ce shirinsu ne ya yi aiki, kuma suna da abin nunawa: Jamus ta gina tashar karɓar gas na jirgin ruwa a Wilhelmshaven cikin ƙasa da kwana 200, shugaban gwamnati na lokacin Olaf Scholz ya buɗe ta ranar 17 ga Disamba, sanyin bai ma tafi ba. Masana'antu sun rage aiki, magidanta sun rage wuta.

Amma lissafin bai tsaya nan ba. Hukumar makamashi ta duniya ta ce gas ɗin da Tarayyar Turai ta ƙona a 2022 ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari, raguwa mafi girma a tarihinta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan raguwa sauƙin yanayi ne ya kawo shi. Da irin saurin da rumbunan suka riƙa zubewa a waɗannan kwanaki goma ya ɗore wata biyu, da wani labarin ake yi. A hunturun 1962 zuwa 1963, Birtaniya ta daskare tun daga Kirsimeti har farkon Maris. Sa'a, in ji Hausawa, ta fi manyan kaya, kuma a wannan karon Turai ta haɗa duka biyun. Wanda bai samu ko ɗaya ba shi ne mutumin Kiyef, wanda tun 10 ga Oktoba makaman Rasha ke faɗa wa tashoshin lantarkinsa, yana kwana da bargo uku a bene na goma ba wuta ba ruwa.

Wa ya biya kuɗin ɗumin?

Gas ɗin da ya cika rumbunan Turai ba daga sama ya faɗo ba. An saye shi ne da tsadar da ta kori masu ƙaramin ƙarfi daga kasuwa. A ƙarshen Agusta farashinsa a kasuwar Holan ya kai wajen yuro 340 kan kowane ma'auni, alhali a shekarun baya bai cika wuce 20 ba. Jiragen dakon gas suka juya akala zuwa Turai, har a watan Oktoba fiye da 30 suka yi layi a gaɓar Sifaniya suna jiran wurin sauke kaya. A daidai lokacin Pakistan ta nemi masu sayar mata da gas ba wanda ya amsa, Bangaladash ta daina saye a kasuwar nan-take ta koma rabon wuta.

Najeriya, wadda ke cikin manyan masu kai wa Turai irin wannan gas, musamman Fotugal da Sifaniya, ba ta ci moriyar kasuwar yadda ya kamata ba. Satar mai da fasa bututu sun riga sun rage abin da ke isa tashar Bonny, sannan a watan Oktoba ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 600 ta sa kamfanin NLNG ya sanar da cewa ba zai iya cika alkawuransa ba. A cikin gida kuwa, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya kai wajen naira dubu goma, matan aure da dama suka koma gawayi da itace. A watan Yulin shekarar, Najeriya da Nijar da Aljeriya sun sake sa hannu kan tsohon shirin shimfiɗa bututu ta cikin Sahara zuwa Turai, maganar da aka shafe shekaru da dama ana yi.

Narkewa

Ranar Lahadi 18 ga wata, ranar da Ajantina ta ɗauki kofi, iskar Atlantika ta dawo hanyarta. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu wasu wuraren suka tashi daga ƙasa da sifili zuwa digiri 13 ko 14. Sai ga wata sabuwar ɓarna. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi tara cikin ɗari, ya tsaga bututu, amma ba a ganin tsagar sai ya narke. Silin ya riƙa ruftowa a gidaje, manyan bututun titi suka farfashe. A Tunbridge Wells da kewaye dubban gidaje sun yi kwanaki ba ruwan famfo ana gab da Kirsimeti, mutane na layin karɓar ruwan roba a wuraren ajiye motoci.

Masu lambu ma sun ƙirga asararsu. Tsiro yana buƙatar sanyi ya zo masa a hankali kafin ya ƙanƙame jikinsa. Waɗannan kuwa ɗumin Nuwamba ya sa suna ta toho, jikinsu cike da ruwa, sai ɗari ya same su haka. Shuke-shuken da suka tsallake hunturu da yawa a baya suka mutu a mako guda.

Daga nan ɗumi ya dawo da ƙarfin da ya ba masana mamaki. Ranar 1 ga Janairun 2023 birnin Warsaw ya ga kusan digiri 19, Bilbao a Sifaniya wajen 25. Aƙalla ƙasashe takwas ne suka karya tarihin zafin Janairu a rana ɗaya. A tsaunukan Alps, wuraren wasan zamiya sun rufe, wasu suka shimfiɗa siririn layin ƙanƙarar inji a tsakiyar koriyar ciyawa. Jamus ta koma zuba gas a rumbu a tsakiyar hunturu, farashi ya faɗo ƙasa da yuro 80, ƙasa da yadda yake kafin a fara yaƙi.

Gardamar da ba ta ƙarewa

Kamar kullum, da dusar ƙanƙara ta sauka sai masu shakka suka fito suna tambaya: ina ɗumamar duniyar da ake ta faɗa? Amsar masana ita ce a duba shekarar gaba ɗaya. Duk da wannan sanyi, 2022 ta zama shekara mafi zafi da Birtaniya ta taɓa gani zuwa lokacin, karon farko da matsakaicin zafinta ya haura digiri 10. Hukumar hasashen yanayi ta ce da ba don hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa ba, irin wannan shekara sai sau ɗaya a kimanin shekara 500, yanzu kuwa ana iya ganinta duk bayan uku ko huɗu. Shi kansa Braemar da ya ba mutane tsoro da digiri 17 ƙasa da sifili, ya taɓa ganin 27 ƙasa da sifili a 1895 da kuma 1982. Sanyin yana nan yana zuwa, amma ya rage kaifi, ya rage yawan ziyara.

Inda masanan ke saɓawa da junansu shi ne ko ɗumamar yankin Aktik, wanda ke ɗumama da sauri fiye da ko'ina, tana sa iskar sama ta riƙa karkacewa har ta buɗe wa irin wannan jaura ƙofa. Masaniyar Amurka Jennifer Francis na cikin waɗanda suka yaɗa wannan ra'ayi tun 2012. Wasu kuma sun gwada shi a kwamfuta suka ce tasirin ƙarami ne, sauyin da aka saba gani daga shekara zuwa shekara ya fi shi ƙarfi. Har yanzu ba a rufe wannan babi ba.

Abin da ya fi wuyar musantawa shi ne tasirin tsada. Mujallar The Economist ta yi lissafi bayan hunturun, ta ƙiyasta cewa tsadar makamashi ta yi sanadin ƙarin mutuwar mutum kusan dubu 68 a Turai. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da adadin. Amma yana nuna cewa tsimin gas ɗin da gwamnatoci suka yi alfahari da shi, wani ɓangarensa tsofaffi ne da suka kashe hita suka ƙara bargo.

Bashin ruwa

Turai ta fita daga hunturun da fiye da rabin gas ɗinta a rumbu, abin da ba wanda ya yi tsammani a watan Agusta. Copernicus ta sa shi cikin hunturu biyu ko uku mafi ɗumi a tarihin nahiyar.

Sai dai dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan Alps ita ce tankin ruwan Turai. Ita ke narkewa a hankali ta ciyar da kogunan Rhine da Rhône da Po a lokacin zafi. A wannan shekara ba ta taru ba. Faransa ta yi kwana 32 a jere, daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, ba ruwan sama na a-zo-a-gani, abin da ba a taɓa rubutawa ba. A Venis wasu ƙananan hanyoyin ruwa suka kafe har kwalekwale ya zauna a kan laka. Manoman shinkafa a kwarin Po suka rage gonakin da za su shuka. Tsaunukan ƙanƙara na Suwizalan sun yi asarar kusan kashi goma cikin ɗari na girmansu a shekarun 2022 da 2023 kaɗai.

Ranar 30 ga Maris 2023, Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je bakin madatsar ruwa ta Serre-Ponçon ya ƙaddamar da shirin rage amfani da ruwa da kashi goma cikin ɗari kafin 2030. Zuwa watan Mayu, a lardin Pyrénées-Orientales da ke iyaka da Sifaniya, an hana wankin mota a gida da ban ruwan lambu, an kuma dakatar da sayar da ƙananan wuraren ninkaya na roba da ake kafawa a tsakar gida.